Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga mahukuntan birnin Damagaram kan dogon benen da ake shirin ginawa a unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin birninmu da duk wanda sai da sa hannunsa takardar izinin gini take fita. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni mai gyaran famfo ne. Na haura shekara 20 ina wannan sana'a a garin nan, daga Birni zuwa Zango har sababbin unguwannin bayan gari. Mahaifina magini ne, da tubali da makuba ya ciyar da mu. Wannan wasiƙa kuwa ta unguwa ce gaba ɗaya. Magidantan layukanmu da ke gefen hanyar Tanut sun zauna a ƙofar masallaci bayan isha'i har sau uku, mata su ma sun yi nasu zaman sun aiko da saƙo ta bakin wata dattijuwa, sannan aka ɗora mini alƙalami saboda yawancin abin da aka tattauna ya faɗo cikin sana'ata.

Wata safiya muka tashi muka tarar an kafa ƙaton allo a filin da ke gabas da mu, mai hoton wani bene na gilashi da itatuwan dabino a gindinsa. Na tsaya na ƙirga da yatsa, hawa 20. Rubutun da ke ƙasa ya ce za a sayar da gidajen ciki ɗaya-ɗaya, kowa ya mallaki nasa. Bayan ƴan kwanaki masu awon ƙasa suka zo suka kafa alamunsu suka tafi. Mai ginin bai aiko kowa wurin mai unguwa ba, bai yi wa maƙwabci ko ɗaya sallama ba. Da muka tambayi mai gadin da aka ajiye, sai ya ce takardu suna hanya. Tunda suna hanya, a teburinku za su sauka, shi ya sa muka ga gara mu riga su isowa.

Kada a ɗauke mu maƙiyan ci gaba. Mun san garin nan yana faɗaɗa da gudu. A ƙidayar 2012 mutanen birnin da gundumominsa biyar sun haura 300,000, kuma daga lokacin zuwa yau gonakin da muka sani muna samari duk sun zama gidaje. An buɗe jami'a a 2010, matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, ma'aikata da ɗalibai da ƴan kasuwa suna ta shigowa, kowa yana neman wurin sa haƙarƙarinsa. Mun yi murna da ayyukan gyaran gari na shirin Zinder Sabuwa, waɗanda aka yi don bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018. Gari ba zai yi ta cin gonaki har abada ba, wata rana dole a hau sama. Damuwarmu ita ce irin wannan hawan, a wannan wurin, da irin kayan aikin da birnin yake da su a yau.

Zan fara da ruwa, don shi na fi sani, kuma shi ne ciwon Damagaram tun kaka da kakanni. Duk wanda ya karanta tarihin ƙasar nan ya san nan ce hedkwatar mulkin Turawa har 1926, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka mai da ita Yamai, bakin kogi. Garin yana zaune ne kan dutse. Duwatsun nan da baƙi ke ɗaukar hotonsu a Birni, ƴan uwansu ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunmu, shi ya sa rijiyar burtsatse a cikin gari sau da yawa ba ta ba da abin kirki. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi: Gogo da Mashaya, Arunguza, Ganaram. Kowane ɗigo ya yi tafiyar kilomita da yawa cikin bututu kafin ya iso. Duk da ƙoƙarin da aka yi, a bazara akwai layukan da sai ƙarfe biyu ko uku na dare famfo yake fara tari, mata su tashi su jera bido suna gyangyaɗi, kafin kiran assalatu ya ɗauke. Wanda barci ya sace, gobe kuɗin cefanensa a hannun mai ga-ruwa zai ƙare.

To, ga lissafin mai famfo. Ruwa ba ya hawa sama don kansa. Kowace mita 10 ta tsawo tana buƙatar ƙarfin turi na abin da muke kira bar ɗaya. Hawa ɗaya na bene kimanin mita 3 ne, hawa 20 ya kai mita 60 ke nan, wato bar 6 kafin ruwa ya taɓa famfon mutumin da ke ƙololuwa. A layinmu akwai ranakun da ruwa ba ya iya hawa tankin da ke kan rufin gida mai hawa ɗaya. Saboda haka hanya ɗaya ce mai bene yake da ita: ya haƙa ƙaton tanki a ƙasa, ya cika shi daga bututun unguwa, sannan injuna su tura ruwan sama. A ce kowane hawa gida 6 ne, gida 120 ke nan. A ce kowane gida mutum 5 ne, duk da mun san iyalin Damagaram sun fi haka, mutum 600. Gidan da ke da shawa da masai na ja-ruwa da wuya mutum ɗaya ya kashe ƙasa da lita 100 a yini. Lita 60,000 ke nan kullum, bido 2,400 mai cin lita 25. Kurar mai ga-ruwa da ke ɗaukar bido 10 sai ta yi sawu 240 kafin ta kawo ruwan yini ɗaya na wannan gini. Daga wane bututu za a cire shi?

Na ga ƙaramin misalinsa da idona. Shekarun baya an kira ni wani layi inda gida biyar suka wayi gari famfonsu ya bushe, alhali na layin bayansu yana zuba. Na bi bututu gida-gida har na gano wani mai hali a farkon layin ya ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a kan bututun, don ya cika tankin benensa mai hawa biyu. Da ruwa ya zo, injinsa ke fara zuƙewa, na bayansa sai iska. A ɗaya daga cikin gidajen akwai mai jego, kwananta tara da haihuwa, surukarta ce ke yawo da bokiti cikin dare tana roƙon ruwan wanka. Bene mai hawa biyu ne ya yi wannan. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba: idan inji ya zuƙe bututu har ƙarfin cikinsa ya faɗi, duk inda bututun ya tsage sai ya riƙa jawo ruwan ƙasa ciki, kuma a unguwanninmu bututu da ramin shadda sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu. Daga nan gudawa da amai suke shiga gidan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ruwan da ya shiga gini kuma sai ya fito. Mafi yawan lita 60,000 ɗin nan za su sauko a matsayin ruwan wanka da wanki da bayan gida. A unguwarmu babu bututun ƙazanta na gari, kowane gida da raminsa, in ya cika a kira motar kwasa. Ramin da zai ɗauki na mutum 600 a kan ƙasar da dutse ke kusa da samanta, wane irin rami ne, mota nawa za ta riƙa zuwa a mako, kuma ina za a kai a zubar? Mun san abin da ke faruwa idan mai gida ya gaji da biyan kuɗin kwasa: cikin dare ake buɗe wa ruwan hanya ya bi titi.

Shi kansa filin, ku aiko a duba shi da damina. Kwari ne. Da rani yara suna buga ƙwallo a ciki, amma daga Yuli zuwa Satumba nan ruwan layuka huɗu yake taruwa ya kwanta, ya tsotse a hankali. Iyayenmu da suka haƙa ƙasar gini suka bar tafkuna a cikin gari, tafkunan nan su suka riƙa shanye ruwan sama shekara da shekaru, kuma duk inda aka cike ɗaya aka yi gini, maƙwabta sun ga sakamakon a tsakar ɗakunansu. Ba mu manta da daminar 2024 ba, lokacin da ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ginin da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Na je na tsaya a gaban ɓaraguzan, na tuna mahaifina, hawaye suka zubo mini. Idan aka cike kwarin nan aka shafe shi da siminti don gindin bene da wurin ajiye motoci, ruwan zai nemi wani masauki, kuma gidajen da ke kusa rabinsu na ƙasa ne. Ga kuma fasa dutse don harsashi. Katangar laka ba ta jure girgiza, kuma babu wanda ya gaya mana wa zai biya idan ta tsage.

Sai wuta. Bene mai hawa 20 da lantarki yake numfashi. In babu wuta, injin ruwa ya tsaya, na'urar hawa bene ta tsaya, ɗakunan gilashi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sun zama tanderu. Dukanmu mun ga abin da ya faru a Agustan 2023, sa'ad da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa ƙasar nan, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi. Watanni aka yi ana rabon wuta unguwa-unguwa. Mu da ke ƙasa mun fito da tabarmi tsakar gida mun kwana. Tsohuwa mai ciwon gwiwa a hawa na 17 ina za ta fita? Mace mai naƙuda da tsakar dare, wa zai sauko da ita matakala ɗari uku da wani abu a cikin duhu? Za a ce akwai injin wuta. Injin da zai ɗauki gini irin wannan ƙato ne, yana shan gazuwal kamar raƙumi a bakin rijiya, ƙararsa da hayaƙinsa kuma ta tagoginmu za su shigo. Ranar da ya lalace, ko na'urar hawa ta maƙale da mutane a ciki, mai gyaranta daga Yamai ko Kano za a jira, Yamai kuwa tafiyar kusan kilomita 900 ce.

Maganar gobara ita ta fi tayar wa dattawanmu hankali. Muna girmama ƴan kwana-kwanan garin nan, mun ga yadda suke shiga wuta da ransu. Amma tsanin motar kashe gobara irin wanda aka saba gani a duniya iyakarsa kimanin mita 30, wato wajen hawa 10. Duk wanda ke sama da nan, ginin ne kaɗai zai cece shi: matakala biyu masu ƙofofin da ke tare hayaƙi, bututun kashe wuta a kowane hawa, tankin ruwan gobara da ba a taɓa shi don wanka ko a tsakiyar bazara. A Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, wuta ta tashi daga firji a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24, ta bi abin da aka lulluɓe bangon waje da shi ta haye sama, mutum 72 suka rasu. Matakala ɗaya ce a ginin. Landan ke nan, mai motocin kashe gobara birjik da famfon gobara a kan tituna. Mu a nan gidaje da yawa sun koma girki da tukunyar gas tun da aka fara tace mai a gida. Ku ƙiyasta tukunyar gas 120 a jere, wata kan wata, cikin iskar hunturu, a unguwar da motar kwana-kwana sai ta je nesa kafin ta sake cika tankinta. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Yanzu ga saƙon mata, kuma sun ce in isar da shi yadda suka faɗa, kada in rage. Gidan Bahaushe rabinsa babu rufi. A tsakar gida ake girki da wanki da kitso, a nan ake shayar da jariri, a nan mace take cire mayafi ta sha iska. Makewayi a yawancin gidajenmu katanga ce kawai, sama a buɗe. Da bazara iyali gaba ɗaya a waje suke kwana. Zaure da doguwar katanga da mahaifina da ire-irensa suka yi ta ginawa, amfaninsu ke nan, su tsare mutuncin wanda ke ciki daga idon mai wucewa. Taga ɗaya a hawa na shida ta rushe wannan duka ba tare da ta taɓa tubali ko ɗaya ba, balle ɗaruruwan tagogi, a zamanin da kowane yaro yake riƙe da wayar da ke jawo hoto daga nesa ta watsa shi a intanet. Dattijuwar da ta kawo saƙon ta ce mini: “Ɗana, ka gaya musu shekara 30 ina gidan nan ban taɓa yin wanka da fargaba ba. In sun yi wannan gini, ko dai in rufe tsakar gidana da kwano in dafu a ciki, ko in sayar in tashi.” Kuɗin kwanon ma ba ta da shi.

Wannan magana tana da gindi a addini. Limaminmu ya tuna mana hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, ya kuma buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan garin nan, ya nuna mana inda aka hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, aka kuma hana shi haƙa abin da zai cutar da maƙwabci ko da a cikin mallakarsa ne. Fili na mai fili ne, babu mai ja. Amma haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a iyakar da mai awo ya kafa ba.

Akwai wani abu kuma da na daɗe ina juyawa a raina, wanda ba a gani a hoton allo. Irin wannan gini ba shi da mai gida ɗaya. Wanda ya gina zai sayar ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Kowane mai saye ɗakunansa ne nasa, amma harsashi da ginshiƙai da rufi da matakala da tanki da injuna na kowa da kowa ne, kuma ana riƙe su ne da kuɗin da kowa zai riƙa zubawa duk wata, har abada. Ni na san yadda ake fama a gidan haya mai ɗaki shida kafin a haɗa kuɗin takardar ruwa ɗaya. Na sha gyara famfon da ya yi wata uku yana zuba saboda kowa yana cewa ba shi ya ɓata ba. Ku ƙara da maganar gado. Mai gida a hawa na 12 ya rasu ya bar mata biyu da ƴaƴa goma sha, ba a sayar ba, ba a raba ba, wa zai biya kuɗin wata? Ku zaga cikin Birni ku ga gidajen gado nawa ne suka zube saboda magada sun kasa haɗa kai su yi yaɓe kafin damina. Gidan ƙasa in ya faɗi, a cikin filinsa yake faɗuwa. Bene mai mita 60 kuwa a kan maƙwabta zai sauka.

Ko a ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari abin yana gagara. A garin Surfside na jihar Florida a Amurka, ranar 24 ga Yuni 2021, wani bene mai hawa 12 irin wannan na mallakar haɗaka ya rufta da tsakar dare, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 injiniya ya rubuta musu cewa simintin ginin ya yi mummunar lalacewa, amma gyaran na miliyoyin daloli ne, aka yi ta ja-in-ja tsakanin masu gidajen har lokaci ya ƙure. Kusa da mu kuma, a unguwar Ikoyi ta Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa don sayar wa masu kuɗi ya rushe tun ba a gama shi ba, ya kashe mutum fiye da 40, yawancinsu leburori masu neman na abinci. Leburorin da za su hau wannan na unguwarmu ƴaƴanmu ne da ƙannenmu. Wa zai auna ƙarfin kankaren kowane hawa, wa zai duba kaurin ƙarfen da aka sa kafin a zuba siminti a rufe?

Sannan wa aka yi wa ginin? Malamin lakwal da ma'aikaciyar asibiti da ɗalibin jami'a da ɗan kabu-kabu, waɗanda su ne ke yawon neman ɗaki a garin nan, babu wanda zai iya sayen ko baranda a ciki. Abin da ya riga ya same su shi ne, tun da aka kafa allon, masu gidajen haya na kusa sun fara maganar ƙari.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙo kada a sa hannu a takardar izinin wannan gini, kuma kada a bari a fara haƙa, sai an zauna da mutanen unguwa. A yi zaman a unguwar, da Hausa, da rana, mai unguwa da limamai suna nan, a kuma ware wa mata lokacin da za su yi magana da bakinsu. Mai ginin ya zo da kansa ko ya aiko wanda zai iya amsa tambaya, ya shimfiɗa zanen ginin a gabanmu. Akwai magina da masu aikin wuta da masu famfo a cikinmu, za mu gane abin da muka gani.

Muna roƙo a tilasta masa ya kawo a rubuce inda ruwansa zai fito, lita nawa a yini, tare da shaidar masu kula da ruwan gari cewa ba za a rage na layukanmu ba. In ana buƙatar sabon bututu ko shato, wato babban tankin ruwan gari da ake ɗorawa sama, ya yi da kuɗinsa, kuma unguwa ta amfana da shi. A haramta masa ɗaura injin ja kai tsaye a kan bututun jama'a. Haka nan ya nuna inda ƙazantar ginin za ta tafi, da hanyar da ruwan damina zai bi bayan an cike kwarin, a kuma gina magudanar kafin a aza tubalin farko, domin mun sha ganin alkawarin “in an gama za a yi”.

A sa injiniyoyin da ba shi ke biyansu kai tsaye ba su binciki ƙasar wurin, su kuma riƙa duba aikin hawa-hawa. A zaga gidajen da ke kewaye a rubuta halin da katangunsu suke ciki tun yanzu, don in an tsaga a san wanda ya tsaga. A nemi ra'ayin ƴan kwana-kwana a rubuce, kuma maganarsu ta zama ita ce iyaka: inda suka ce ba za su iya ceton rai ba, kada a kwantar da ɗan Adam a wurin.

Tagogi da barandar da ke kallon gidajen mutane a toshe su ko a juya su, a bar tazara mai ma'ana tsakanin ginin da katangar maƙwabta. Kuma kafin a sayar da gida ko ɗaya, a ga takardar da ta fayyace wanda zai riƙe ginin bayan shekara 10 da 30, da asusun gyara da mai ginin zai fara zuba kuɗi a ciki, da hukuncin wanda ya ƙi biya ko gidan da ya faɗa cikin gado.

Roƙonmu mafi girma ya wuce wannan fili. Wannan ne allo na farko da muka gani, ba zai zama na ƙarshe ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna da masana tsarin birni da fadar Mai Martaba Sultan da masu unguwanni ku fitar da ƙa'ida a fili: tsawo nawa aka yarda a kowane yanki, ina ne ba a cike tafki, ina ne ba a yin abin da zai rufe Birni da fada. A ganinmu, a unguwa irin tamu, bene mai hawa uku ko huɗu shi ne daidai. Mutum yana hawansa da ƙafa ko babu wuta, ƙaramin inji yana kai masa ruwa, tsanin ƴan kwana-kwana yana isa rufinsa, maginanmu na gida sun iya shi, kuma jerin irinsa a fili ɗaya zai ɗauki iyalai da yawa a kuɗin da ma'aikaci zai iya biya. In mai filin ya dawo da irin wannan zane, ya kuma kawar da tagoginsa daga tsakar gidajenmu, ni da kaina zan nemi aikin famfon ginin.

Mun ajiye kwafin wannan wasiƙa wurin mai unguwa tare da sa hannu da dangwalen yatsan magidanta da matan da suka yarda da ita, duk wanda kuka aiko zai same ta a can. Muna kuma gayyatarku ku zo da kanku sau biyu: sau ɗaya da ƙarfe uku na dare a watan Afrilu ku ga layin bido a bakin famfo, sau ɗaya kuma washegarin babban ruwa a watan Agusta ku ga inda ruwan kwarin yake kaiwa.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya zaunar da Damagaram lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Mai gyaran famfo, a madadin magidanta da matan unguwarmu ta gefen hanyar Tanut, Damagaram.